Ƙafar Mode da ta Rage

Bara'atu ɗiyar garin Gandi ce, amma duk wanda ya san ta yau, da kifi ya san ta. Aure ya kawo ta wani ƙauye da ke bakin dam ɗin Goronyo, gidan Mode, mutumin da rabin shekara shina cikin ruwa da taru, rabi kuma shina fadama wurin albasa. Kafin ta zo ba ta taɓa riƙa kifi mai rai ba. Ranar da anka fara miƙa mata tarwaɗa ta gyara, kifin ya motsa, ta sake shi ta ruga ɗaki, matan gida sunka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ba a yi shekaru da yawa ba ta zama ita ce mai bandar da 'yan kasuwa ke jira. Ba ta buɗe kifi ta duba ko ya yi. Bayan hannu take ɗorawa bisa shi, ta ce a kwashe ko a ƙara itace, kuma yadda ta ce haka za a tarar.

Mace ce marar yawan magana. Ta yi karatun allo gwargwado, boko kuwa aji uku ta tsaya. 'Ya'yanta mata biyu sun yi aure, ɗaya a garin Rara ɗaya a Marnona, gidan ya rage daga ita sai Mode. Katanga ɗaya ta raba su da Atiku, yayan Mode, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu. Tun da Bara'atu ta shigo gidan ba ta taɓa kiran sunan Atiku ba, ba ta taɓa ɗaga murya inda yake ba. In ya shigo takan durƙusa ta gaishe shi ta koma ɗaki. In ya yanke magana, to ta yanku, ko shi Mode bai sake ta.

Shi kuwa Mode, Allah ya yi shi da ƙin faɗin ciwo. An taɓa yin ranar da ƙugiya ta shige masa tafin hannu, ya ƙarasa kamun kifinsa da ita, sai da ya dawo gida ya ce a ara masa reza.

Shekaru uku da sunka wuce, lokacin dashen albasa, ya dawo daga fadama da hantsi shina jan ƙafar hagu. Ya ce jijiya ce ta riƙe. Da anka kira azahar bai fita masallaci ba, ya shimfiɗa buzu cikin ɗaki ya yi salla a zaune. Bara'atu ta gani. Ta dafa ruwa ta jiƙa tsumma ta gasa masa, yadda kowace mace za ta yi. Ƙafar ta yi sanyi kamar gindin randa, kuma gashin bai shige ta ba. Kashegari ta sake gasawa. Sai a rana ta uku Atiku ya leƙo, ya yaye zanen da anka rufa, ya ga abin da ya gani, ya aika a kira mota. Ya ce mata su zauna gida su yi addu'a.

A ƙaramin asibitin da sunka fara zuwa, ma'aikaci ya tambaya tun yaushe abin ya fara. Atiku ya san halin asibiti: in ka kawo marar lafiya a makare, kai za a fara yi wa faɗa gaban jama'a. Sai ya ce yau da safe ne. Mode na kwance shina ji, bai musa wa yayansa ba. Anka rubuta haka, anka tura su Sakkwato da takardar. Can likitoci sunka ga an ce ɗazu ne, sunka yi hanzari sunka buɗe jijiyar da ta toshe don jini ya koma. Ashe naman ƙafar ya riga ya mutu daga ciki. Dafinsa ya bi jini ya watsu cikin jiki, fitsari ya tsaya, har anka fara kiran 'yan'uwa a waya. Allah ya sa da sauran kwana. Anka yanke ƙafar bisa gwiwa, Mode ya dawo gida da sanda biyu, ya bar ruwa har abada.

Bayan wasu watanni wata likita ta zo ƙauyen, sunanta Mashkura. Aikin da ta sa gaba shi ne tattara labarin duk wanda jini ya tsaya wa farat ɗaya a ƙafa ko hannu, daga asibitocin Wurno da Rabah da Goronyo, a zuba cikin rajista ɗaya don a ga wane magani ke ceton gaɓa, wane ne ba ya yi. Abin ya ba ta wuya, don kowane wuri da irin rubutunsa. Wani ya rubuta ranar zuwa kawai, wani ya rubuta ciwon ƙafa ya bar shi nan, wani ya bar gurbin lokaci fari fat. Waɗanda kuma anka cike, da yawansu sun nuna mutum ya zo da wuri amma duk da haka ya rasa ƙafa. In hakan gaskiya ne, to saurin ba shi da amfani ke nan, kuma manya ba za su yarda a aje allurar tsinka jini a ƙananan asibitoci ba. Ita kuwa zuciyarta ba ta kwanta da shi ba, shi ya sa take bin mutane gida gida.

Maza sunka karɓe ta a zaure. Atiku ya maimaita mata abin da ya faɗa a asibiti, Mode ya sunkuyar da kai shina wasa da carbi. Da lokacin salla ya yi ta nemi izinin shiga cikin gida ta yi alwala. Nan ta tarar da Bara'atu gaban banda, hayaƙi na tashi.

Bayan ta sallame ta zauna bakin tabarma ta ce, "Inna, ke kin tuna da ƙarhe nawa ciwon nan ya kama Baba?"

"Ba ni da agogo, ɗiyata."

"Ko da kintace."

Bara'atu ta juya kifi guda biyu kafin ta amsa. "Abin da ni sani, asubar ranar da ƙahwahunshi ya tahi masallaci. Azahar kau a zaune yay yi ta, nan cikin ɗaki."

"Ranar da anka kai shi asibiti?"

"A'a. Sai da yak kwana biyu haka nan. Ni nig gasa mashi."

Likita ta dubi hayaƙin. Ba ta ce an yi laifi ba, ba ta kuma ɗaga murya yadda na zaure za su ji ba. Ta ciro takarda ta rubuta.

Bara'atu ta ce, "Da an kai shi ranar, da ba a yanke ba?"

"Allah kaɗai ya san wanga, Inna. Amma da an samu abin yi." Ta ɗan matso. "Akwai maganar da nike so ki riƙe. Zuciyar Baba ba ta bugawa daidai. Tana tara gudan jini, wata rana sai ta tura shi, ya tahi ya tsaya inda hanya ta matse. Wanda yat toshe waccan ƙahwa yana iya samun ɗan'uwa. Shi ya sa anka ba shi ƙwayar tsinka jini."

"Wato wagga da tar rage."

"Ita nike ji ma. In kin ga ta yi sanyi, ko ta mutu, ko ciwo ya taso lokaci guda, kar a gasa, kar a jira gobe. Tsakanin salla da salla ya kamata a ce kuna hanya. Kuma in an tambaya tun yaushe, a hwaɗi gaskiya, kar a rage kar a ƙara. Da ita likitan tiyata ka sanin ko a buɗe ko a yanke."

Bara'atu ta ɗaure mata kifi cikin takarda ta raka ta bakin ƙofa. Daga wannan rana ƙafar daman Mode ta zama aikinta.

Duk wata sukan je karɓo ƙwaya a ƙaramin asibitin nan, wurin wani ma'aikaci mai fara'a da ake kira Musaddiq. Shi ya gaya mata cewa yanzu takarda iri ɗaya ake cikewa a wuraren uku, tambayoyi iri ɗaya, a jere iri ɗaya, kuma Likita Mashkura ta sa tambayar salla a ciki: wace salla marar lafiya ya yi a tsaye ta ƙarshe.

Ya ce, "Mutanenmu ba su riƙe ƙarhe, Inna, amma ba mai mance sallar da yay yi a zaune. Sai dai ba kowa take kamawa ba. An kawo wani tsoho daga Rara, yac ce shi rabonshi da tsayuwa tun gwiwa ta kama shi shekaru aru aru. Wani kuma daga Marnona, don taurin kai, bango yad dahe yay yi ta a tsaye bisa matacciyar ƙahwa. Ga mata masu hutun salla. Har yanzu ana gyara."

Bara'atu ta gyaɗa kai. Ita ma ta riga ta gano inda tambayar ba ta kaiwa, don Mode yanzu duk sallolinsa biyar a zaune yake yin su. Ranar da abin zai dawo, ba wata tsayuwa da zai fasa balle a gane. Shi kuma ba zai faɗa ba.

Ta ce, "Nuna mani inda jini ka bugawa ga ƙahwa."

Musaddiq ya cire takalminsa ya ɗora yatsunta bisa bayan ƙafarsa, tsakanin babban yatsa da na kusa da shi, ya ɗan hau sama. Ta rufe ido har sai da ta ji.

A gida, ita ke kawo masa buta duk lokacin alwala, ya zauna bisa kujera 'yar tsugune ta zuba masa. Daga ranar, in an zo wankin ƙafa ya gama cuɗawa, sai ta ɗora bayan hannunta, sannan ta juya ta sa yatsu biyu ta jira.

Rana ta farko ya ƙyale ta. Ta biyu ya janye ƙafar.

"Ke, mi kike nema nan? Kihi na?"

"Kihi ma ina taɓa shi kahin in ce ya yi."

"To ni ban nuna ba tukuna, ki ƙara itace."

"Miƙo, Malam. Liman zai tada salla."

"Alwalata ta ko taki?"

"Taka ta. Ƙahwar kuma tamu ta."

Ya miƙo shina gunaguni. Haka sunka ci gaba. Da rani ya kama, Mode ya ce ba zai zauna gida kamar kayan wanki ba, a riƙa kai shi fadama bisa babur ya duba masu ban ruwa. Azahar da la'asar can suke samunsa. Bara'atu ta rage banda, ta riƙa ɗaukar abincinsa da kanta ta bi gefen hanyar ruwa har inda yake zaune ƙarƙashin rumfar kara. 'Yan kasuwa sunka koma wurin wasu. Mata sunka samu abin faɗi a bakin rijiya.

Wata maƙwabciya ta ce da ita, "Bara'atu, soyayyar da ba ki yi kina amarya ba ita ta taso yanzu da hurhura?"

Ta ce, "Ita ta," ta ɗora tulunta ta wuce.

Har Atiku sai da ya yi magana. Bai yi da ita ba, da ƙanensa ya yi, inda za ta ji: mace ta riƙa shafa ƙafar namiji gaban 'yan aiki bai yi kyau ba. Mode ya ce to. Kashegari ta ɗaura zane jikin rumfar ya kare su, ta ci gaba.

Ƙwayar da yake sha tana da nata halin. In ya yi asawaki sai dasashi ya yi jini, shi kuwa ba ya son ya buɗe baki ya yi karatu shina jin gishirin jini. A shekara ta biyu, wajen cirar albasa, Bara'atu na shara ta ɗauki asawakinsa da ke bisa taga ta ga kansa fari tas. Ta mayar. Kashegari ta sake dubawa, fari. Ta ɗaga katifa ta tarar da ƙwayoyin jere a gefen gado.

Ta kawo su cikin tafin hannu ta aje gabansa.

Ya dube su. Can ya ce, "Alƙur'ani nike karantawa da bakin nan."

"Na sani. Sai mu gaya ma Musaddiq a duba yawanta. Amma ba ka bari ba ka hwaɗa mani ba."

"Na ji sauƙi ai."

"Waccan ma da sauƙinka kab bar gida."

Daga nan ita ke ba shi da hannunta ta tsaya har ya haɗiye. Sai dai kwanakin da ya tsallake sun riga sun wuce, ba ta san iyakarsu ba, shi ma bai ƙirga ba.

Ba a yi mako ba. Ranar da asuba ta taɓa ƙafar, ɗumi, jini na bugawa ƙarƙashin yatsunta. Bai je fadama ba, ya zauna tsakar gida shina tsince albasar da ta fara lalacewa daga cikin ta ajiya. Da anka kira azahar ta kawo buta. Ta lura ya wanke fuska sau uku amma gumi ya sake tsattsafo masa a goshi. Da ta ɗora hannu bisa ƙafar, sai ta ji ba ita ba ce. Ta sa yatsu biyu ta jira, ta matsa sama, ta matsa ƙasa. Shiru.

Ya ce, "Ruwan na da sanyi."

"Ruwan rana yaw wuni. Motsa yatsa in gani."

Ya motsa, da ƙyar, kamar ba nasa ba.

"Tun yaushe?"

"Ɗan ɗazu. Zai sake ni."

Ta ce ya yi sallarsa maza, ita ma ta yi tata a gefensa. Sannan ta zura hijabi ta zaga gidan Atiku da kanta, abin da ba ta saba yi ba sai da aike. Atiku bai yi gardama ba, ya ga fuskarta ya kira mota. Da anka ciccibi Mode anka sa shi baya, Atiku ya juyo.

"To, ke zauna ki yi muna addu'a. Zan kira."

Ta durƙusa bakin motar. "Yaya, zan yi ta cikin mota."

"Asibiti ba wurin taron mata ba na."

"Ni ɗaya ta, Yaya."

Ta buɗe ƙofa ta shiga ta ɗora ƙafar Mode bisa cinyarta, sannan ta tuna an ce kar a ɗaga ta sama, ta sauke ta ƙasa ta lulluɓe da zane. Atiku ya tsaya shina kallonta. Direba ya riga ya tada mota, sai ya shiga gaba ya ja ƙofa da ƙarfi.

Musaddiq ba shi nan ranar. Wani sabon ma'aikaci sunka tarar, Yazid, wanda bai taɓa ganinsu ba. Ya taɓa ƙafar, ya kwatanta da hannun Mode, ya jawo takardar nan ya dubi Atiku, tunda shi ne babba kuma shi ke tsaye.

"Baba, tun yaushe?"

Atiku ya daɗe da sanin abin da ragewarsa ta jawo a karon farko, ko da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Cikin ransa ya ƙudura cewa wannan karon ba zai bari a ɗauki abin da sauƙi ba. In ya ce an jima, za su fi rawar jiki.

Ya ce, "Tun shekaranjiya shike fama. Ku taimaka, abin ya daɗe."

Yazid ya sa biro bisa takarda. Bara'atu na bakin ƙofa tana kallon hannunsa. Ta san inda kalmar nan za ta je. Za ta riga su isa Sakkwato ta waya, likitan tiyata ya ji an ce kwana biyu, ya tuna abin da ya faru da mutumin nan wancan karo, ya fara tunanin wuƙa tun kafin ya ga ƙafar. Shekara talatin da wani abu ba ta taɓa cewa a'a gaban mutumin nan ba.

Ta tako ciki ta durƙusa, kanta a ƙasa.

"Yaya, ka gahwarce ni. Ba haka na ba."

Wata mata da ke jiran allura da jariri a goye ta juyo.

Atiku ya ce, "Ƙarya nike yi ke nan?"

"Allah ya tsare ni. So kake a yi sauri, ni ma shi nike so. Amma da asubar yau na taɓa ƙahwag ga, da ɗuminta, jini na bugawa nan." Ta nuna bisa tata ƙafar. "Da azahar nit tarar ta yi sanyi. Tsakanin nan abin yaz zo."

Yazid ya dube ta, ya dubi Atiku. Ya sauke ido bisa takardarsa, ya bi layin da yatsa.

"An ce in tambayi sallar da yay yi a tsaye."

"A zaune shike yi dut," in ji ta. "Shi ya sa nike taɓawa."

"Kullum?"

"Kowace alwala."

Yazid ya juya wurin gado. "Baba mai ciwo, kai mi kac ce?"

Mode ya buɗe ido. Yayansa na tsaye a kansa da hannu a bayansa, matarsa na durƙushe a ƙasa. Ya lashi leɓe.

"Yadda tac ce. Bayan hantsi yak kama ni, ina tsintar albasa." Ya ɗan tsaya. "Ka yi haƙuri, Yaya."

Atiku ya juya baya. Ya fita ya tsaya jikin mota.

Yazid ya soke abin da ya fara rubutawa. Ya tambayi ko an gasa, ta ce a'a. Ya tambayi ƙwaya, ta gaya masa ya tsallake kwanaki, ba ta san nawa ba, ya rubuta ba a sani ba. A ƙasa akwai gurbin wanda ya ba da labari, ya rubuta matarsa. Allurar tsinka jini tana nan cikin firij, don tun bara anka fara aje ta. Ya yi wa Mode, ya kira Sakkwato shina karanto takardar layi layi, ya ce su kama hanya kar su tsaya ko shan ruwa.

La'asar a harabar babban asibiti ta same su. Anka wuce da Mode kai tsaye. Bara'atu ta samu gefen baranda inda mata ke salla, ta yi, ta zauna tana jan carbi. Atiku na can ɗaya gefen, bai dubi inda take ba. Kafin magariba wani likita ya fito da ɗan kwano a hannu, ya tambayi masu Mode. Su biyu sunka miƙe. Ya nuna musu abin da anka zaro ta ɗan yankan da anka yi a matsematsi, baƙin gudan jini siriri kamar tsinken igiya. Ya ce jini ya sauka, sai dai a jira a ga yadda yatsun za su yi.

Can anka bar Bara'atu ta shiga wurin Mode. Ta yaye zanen ta ɗora bayan hannunta. Ɗumin bai kai na kullum ba, amma akwai shi.

Mode ya ce cikin magagi, "Na nuna?"

"Da saura. Kwanta."

Ƙaramin yatsa bai farfaɗo ba. Ya yi baƙi ya bushe, bayan kwanaki anka cire shi. Sauran huɗun sunka tsaya. Likita Mashkura ta zagayo ɗakin kafin a sallame su, ta gaishe su, ta zauna ta sake bin tambayoyin tun daga farko, don ta ce ko nata aikin sai an sake dubawa. Ta gaya wa Mode za a canza masa ƙwaya zuwa wadda ba ta cika sa jinin baki ba, amma in ya sake ɓoye ta ƙarƙashin katifa, ita da kanta za ta zo. Ya ce ai yanzu ba shi da wurin ɓoyo.

Atiku bai yi wa Bara'atu magana ba duk zamansu a asibiti, haka a hanyar dawowa. A gida in ta durƙusa ta gaishe shi, yakan amsa da kai ya wuce. Ta ci gaba da gaishe shi. Ba ta nemi a sasanta ba, ba ta kuma ce ta yi nadama ba.

Ranar wata kasuwar Goronyo, da yamma, ya shigo da abu ƙunshe cikin leda. Mode na zaune bakin ɗaki, ƙafar a miƙe bisa tabarma. Atiku ya wuce shi ya aje ledar gaban Bara'atu. Takalmi ne guda ɗaya, na dama, na fata mai laushi, an buɗa gabansa don kar ya taɓa wurin ɗinki.

Ya ce, "Baduku yac ce bai taɓa ɗinka guda ba. Nac ce ya koya. Gwada mashi, ke kin san ƙahwar."

Ta gwada. Ya yi yawa ta diddige.

"Ya yi, Yaya. Allah ya saka da alheri."

"Bai yi ba, ina gani."

"Zan cusa tsumma."

Atiku ya tsaya kamar zai karɓe ya mayar, sai kuma ya bari. Ta shiga ɗaki ta yago gefen wani tsohon zane, ta ninka ta cusa, ta ɗaure maɗaurin. Mode ya jawo sandunansa, ya dafa kafaɗar yayansa ya miƙe, ya taka takalmin a ƙasa a hankali, ya ce a kira mai babur gobe da sassafe, albasar da ke fadama ba ta san an yi ciwo ba.